ƘURI'A A CIKIN ALJIHU: ME YA SA NA'URA TAKE MAIMAITA WAƘA?



Muna godiya da aka ba mu wannan dama mu tsaya gabanku a nan Unguwar Sarki. Maganar da aka ɗora mana, wani zai ga kamar ba ta kai a tara mutane dominta ba, watau maganar wannan ɗan maɓalli mai kibiyoyi biyu da suka gitta juna, wanda yake cikin wayar kowannenmu da rediyon kowace mota, wanda in an taɓa shi sai waƙoƙi su riƙa fitowa a gauraye. To, amma mun lura ba a jima ana hirar kiɗa a ɗakin kwanan ɗalibai ko a ofis face wani ya kawo ƙararsa. Wannan ya ce waƙa dubu ya zuba a waya, amma guda ashirin kaɗai take juya masa. Wancan ya ce rediyon motarsa kullum da waƙa ɗaya yake farawa, kamar an yi masa asiri. Wata kuma ta ce tata wayar sai ta yi minti biyar tana lalube kafin ta buɗe baki. Har akwai masu rantsuwa cewa na'urar tana da mawaƙin da take so.

Mu ma abin ya taɓa cin mu. Wata rana mun ɗauko manyanmu a mota daga nan za mu Zariya ɗaurin aure, muka sa waƙoƙin gargajiya a gauraye don a ji daɗin hanya. Ba mu wuce Kawo ba sai ga muryar wata 'yar'uwarmu ta cika motar, tana zazzaga faɗa a kan rabon gado, cikin wani saƙon murya da aka turo mana wata uku da suka wuce. Wanda ake faɗan da shi kuwa yana zaune a kujerar gaba. Daga ranar nan muka ɗauki wannan al'amari da muhimmanci.

Kafin mu shiga cikin na'ura, ya kamata mu tuna yadda iyayenmu suka saba jin kiɗa a garin nan. Tun da gidan rediyon Kaduna ya soma watsa shirye-shirye a 1962, mai gabatar da shiri irin su Zaɓi Sonka shi ne yake jera waƙoƙi, yana duba katuna da wasiƙun masu saurare. Mutum ne mai kunne. In ya sa Shata, ba zai bi shi da wani Shatan ba sai da dalili. Sai ya kawo Ɗan Maraya, ya kawo Barmani Coge, sa'an nan ya komo. Mai saurare bai san abin da zai biyo ba, amma ya tabbata ba za a gundure shi ba. Wannan shi ne abin da kunnenmu yake nema har yau in mun taɓa maɓallin nan. Na'ura kuwa abin da aka koya mata dabam ne: ƙuri'a aka ce ta jefa.

Ƙuri'a kuwa iri biyu ce. Ku ɗauka an rubuta sunan kowace waƙa a guntuwar takarda an zuba a ƙwarya. Hanya ta fari, a sa hannu a ɗauko ɗaya, a karanta, a mayar da ita cikin ƙwaryar, a sāke ɗauka. Hanya ta biyu, wadda aka ɗauko a ajiye ta gefe, ba za ta koma ba sai ƙwarya ta ƙare. Ta biyun ita ce irin ta 'yan adashi, inda wanda ya kwasa ba ya sāke kwasa sai kowa ya samu. Masana lissafi biyu na Ingila, Ronald Fisher da Frank Yates, sun rubuta ƙa'idarta a 1938 don masu bincike da fensir da takarda, a 1964 kuma Richard Durstenfeld ya daidaita ta don kwamfuta. Manhaja mai kyau da ita take aiki. Amma akwai ƙananan na'urori da manhajoji marasa inganci da suke bin hanya ta fari, domin ta fi sauƙin rubutawa kuma ba ta bukatar a riƙe jerin abin da ya riga ya fita.

Bambancin ba ƙarami ba ne, kuma lissafinsa yana ba da mamaki. In mutum yana da waƙa 100, ana ɗauka ana mayarwa, da an kai waƙa ta 13 ya fi yiwuwa a ce wata ta riga ta fito sau biyu. In waƙa 1,000 gare shi, zai zaci sai ya yi kwanaki bai ji maimaici ba, alhali kuwa a waƙa ta 38 rinjaye ya riga ya koma wajen maimaici. Ɗaliban lissafi da ke cikinmu sun san wannan da sunan matsalar ranar haihuwa: mutum 23 kaɗai in suka taru a ɗaki, ya fi yiwuwa a sami biyu da suka yi tarayya a rana ɗaya ta shekara. Saboda haka abin da za a fara dubawa shi ne, shin manhajar tana nuna jerin waƙoƙin da za su biyo baya? In tana nunawa tun daga farko har ƙarshe, adashi take yi. In ba ta san ta gaba ba sai ta gama ta yanzu, to akwai alamar tambaya.

Sai dai ba a nan kaɗai gizo yake saƙa ba. Ko da ƙuri'ar ta adashi ce tsantsa, kunne zai yi ƙorafi. Ku ɗauka cikin waƙoƙin nan 100, guda 20 na Alhaji Mamman Shata ne. In aka gauraya su da gaskiya, ba son kai, a matsakaici wajen sau huɗu za a sami Shata ya bi bayan Shata. Yiwuwar a ce an gama jerin duka ba a sami waƙoƙinsa biyu a jere ba, ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Watau abin da muke kira alamar lalacewa, shi ne ainihin alamar lafiya. Ku watsa tsabar gero a tsakar gida ku gani, ai ba ta sauka sahu-sahu kamar shuka. Nan ta taru, can ta bar fili. Ɗan Adam kuwa an halicce shi da neman dalili a bayan kowace haɗuwa, kuma waƙar da ta maimaitu ita yake tunawa, ba ya lissafin guda hamsin da suka wuce lami lafiya.

Kada mu zaci mu kaɗai ne da wannan zargi. Kamfanin Apple ya fito da iPod a 2001, ba a daɗe ba mutane suka yi ta kuka cewa tana da 'yan lele. Wani ɗan jarida na Amurka, Steven Levy, ya rubuta cewa tasa ta ƙwallafa rai a kan makaɗan Steely Dan, har maganar ta kai ga shugaban kamfanin, Steve Jobs, injiniyoyi suka duba suka ce ƙuri'arsu ba ta da aibi. Duk da haka a watan Satumba na 2005 suka ƙara wa manhajar iTunes wani ma'auni da zai rage haɗuwar waƙoƙin mawaƙi ɗaya, Jobs kuwa ya faɗa a fili cewa sun rage gaskiyar ƙuri'ar ne don mutane su ji kamar ta ƙaru. Kamfanin Spotify na ƙasar Suwidin, wanda ya iso Nijeriya a 2021, shi ma ya sha wannan. Da ƙa'idar Fisher da Yates ya fara, masu saurare suka yi ta ƙorafi, sai a 2014 wani injiniyansu, Lukas Polacek, ya bayyana cewa sun sauya: suna ɗaukar waƙoƙin kowane mawaƙi su baza su a tsawon jerin da tazara kusan daidai, sa'an nan su ɗan gusa kowace gaba ko baya don kada tsarin ya fito fili. In kun lura, abin da mai gabatar da shiri a rediyon Kaduna yake yi da kunnensa ke nan, shekaru da yawa kafin a rubuta shi da lissafi.

To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu fara da satar ɓeran, domin na'ura tana da laifuffukanta na gaskiya. Kwamfuta ba ta iya jefa ƙuri'a kamar yadda hannu yake yi. Lissafi take yi wanda sakamakonsa yake kama da ƙuri'a. Ga misali daga wata tsohuwar dabara ta John von Neumann ta shekarun 1940. A ɗauki 1234 a ninka ta da kanta, a sami 1522756, a sa sifiri a gaba don lambobin su cika takwas, a ciro huɗun tsakiya: 5227. A sāke yin haka da 5227, a sami 3215. Mai kallo zai ga lambobi suna fitowa barkatai, amma duk ranar da aka fara da 1234, lalle 5227 ce za ta biyo, 3215 ta bi ta. Dabarun yau sun fi wannan nesa ba kusa ba, amma duka suna bukatar lambar farawa. Waya takan samo tata daga agogo da waɗansu abubuwa masu sauyawa. Ƙaramin rediyon mota ko akwatin kiɗa mai araha wanda ba shi da agogo yakan fara da lamba ɗaya duk sa'ad da aka kunna shi. Asirin motar da kullum take farawa da waƙa ɗaya ke nan. Ba shi da magani na sosai, sai dabara: a ƙara waƙa ko a cire wata don lissafin ya goce, ko a zaɓi wata waƙa da hannu kafin a taɓa maɓallin, ko kuma a bar waya ta yi gaurayen, rediyon ya zama lasifika kawai.

Laifi na biyu ya fi shafar ma'aikata. Daga Unguwar Sarki zuwa ofis a tsakiyar gari, waƙa uku ce ko huɗu. In manhajar tana sāke gauraye duk lokacin da aka buɗe ta, to kullum daga sabuwar ƙwarya ake ɗiba, an koma hanya ta fari ke nan ta bayan gida. Sau da yawa ma ba manhajar ce ta so haka ba. Tsarin tattalin batir na wayar ne yake kashe ta in an ajiye, sai ta manta inda ta tsaya. A shiga saitin batir a ba ta izinin aiki a ɓoye, a kuma nemi inda aka ce ta riƙe jerin da take kai. Na uku, waɗansu rediyoyin mota suna da iyakar fayil da jakar da suke iya gani. Abin da ya haura iyakar, ko yana cikin filashi, a wurinsu babu shi. Wannan yana rubuce a littafin da ya zo da rediyon, wanda yawancinmu ba mu taɓa buɗewa ba.

Yanzu sai warin daddawa, kuma a nan muke so mu daɗe, don a ganinmu nan ne mafi yawan ciwon yake. Ta ina waƙoƙin nan suka shigo wayoyinmu? Kaɗan ne muka saya daga inda aka tsara su. Yawanci daga masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa ne, ko daga wayar aboki, ko daga zaurukan WhatsApp, ko daga shafukan da suke liƙa sunansu a kan kowace waƙa. Kowane fayil na MP3 yana ɗauke da ɗan bayani a cikinsa, wanda ake kira ID3, inda ake rubuta sunan waƙa da na mawaƙi da shekara. Manhaja ba ta jin kalangu balle ta gane Shata. Wannan bayanin kaɗai take karantawa. To, ku buɗe wayoyinku ku duba. Za ku tarar a gurbin mawaƙi an rubuta sunan shafin intanet, ko lambar wayar mai turi, ko ba a rubuta kome ba. In waƙa 300 duka suna ɗauke da sunan shafi ɗaya, manhaja mai dabarar raba mawaƙa za ta ɗauka mutum ɗaya ne ya yi su. In kuwa an rubuta Shata a wannan, Mamman Shata a waccan, Dr. Shata a ta uku, Alh. Mamman Shata Katsina a ta huɗu, to mutum huɗu ne a wurinta, kuma za ta jera su a jere da zuciya ɗaya tana ganin ta yi adalci.

Haka nan maimaici. Waƙa ɗaya takan shigo sau biyar da suna biyar: ɗaya daga mai turi, biyu daga zaure, ɗaya an yanke mata kai, ɗaya an ɗora mata tallar mai shago. Takarda biyar ke nan a ƙwarya da suna ɗaya. Mai waya ya ce na'ura tana son waƙar, alhali shi ya ba ta ƙuri'a biyar.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da harshenmu. Tsarin ID3 na farko, na 1996, harafi 30 kaɗai ya ba sunan waƙa, kuma bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba, watau ɓ da ɗ da ƙ. Tsarin da ya biyo baya daga 1998 ya buɗe ƙofar rubuta su, amma har yanzu tsofaffin rediyoyi sukan nuna alamar tambaya ko ɗan akwati a gurbinsu. Ga shi kuma Ɗanƙwairo da Dankwairo da Dan Kwairo, uku ne a idon na'ura. Ra'ayinmu shi ne a rubuta sunan daidai da lanƙwasarsa a cikin bayanin, domin shi ne zai daɗe, sunan fayil na waje kuwa a bar shi da haruffa marasa lanƙwasa don kowace na'ura ta iya buɗe shi. Abin da ya fi kome shi ne a zaɓi rubutu ɗaya a tsaya a kansa. Manhajar kwamfuta irin Mp3tag tana gyara ɗaruruwan fayil a tashi ɗaya.

Sa'an nan akwai abin da bai kamata ya shiga ƙwaryar ba sam. Ga Masallacin Sultan Bello nan kusa da mu, inda marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya yi shekaru yana tafsiri kafin rasuwarsa a 1992, kuma da yawa cikinmu muna da karatun malamai irin wannan a waya ɗaya da waƙoƙin biki. Manhaja ba ta san bambanci ba. Duk abin da yake sauti tana kwasowa, shi ya sa ake jin karatun Alƙur'ani ya ƙare, kiɗan asharalle ya biyo, ko saƙon 'yar'uwa ya fito a gaban surukai. Maganin yana da sauƙi. A ware jaka dabam don karatu, a shiga saitin manhajar kiɗa a nuna mata jakar da za ta duba kaɗai. A wayoyin Android kuma, in aka ajiye fayil marar kome mai suna .nomedia a cikin jaka, tsarin wayar yakan tsallake ta wajen tattara sauti. Karatu kuwa a jere ake binsa, kuma nan ma akwai tarko: na'urori da yawa suna jera suna harafi-harafi, sai 10 da 11 su riga 2 fitowa. A rubuta 01, 02, 03. Surori kuwa, tun da 114 ne, a fara da 001.

Maganar nauyi da sarƙewa ba za ta ɗauke mu lokaci ba, musamman ga waɗanda suka taɓa zama a ofishin rajista. In aka kawo sabon akawu aka ce ya nemo fayil a ɗakin da ba littafin rajista, sai ya bi kanta-kanta. Manhaja ma haka take: ran farko takan buɗe kowane fayil ta karanta bayaninsa ta rubuta a rajistarta, daga nan sai ta riƙa duba rajistar kawai. In kullum tana jinkiri, wani abu ne yake sa ta sāke wannan aiki: ko an sa ta binciken dukan waya a kowane buɗi, ko manhajar share-share tana goge rajistar da sunan tsabta, ko akwai lalataccen fayil da take tuntuɓe a kansa, ko manyan hotunan talla da aka cusa cikin kowace waƙa sun yi mata yawa. Wayar da ta cika maƙil ita ma ba ta da wurin rubuta rajista.

In kuwa waƙa tana yankewa a tsakiya, ko jakar da aka zuba jiya ta koma sunaye marasa ma'ana yau, a tuhumi katin memori. Araha ba ta ado. Akwai katunan jabu da aka rubuta musu 32 ko 64 alhali cikinsu bai kai haka ba. Suna karɓar kaya ba musu, amma abin da ya wuce ainihin girmansu ya salwanta. Manhajar H2testw takan cika kati ta sāke karantawa ta faɗi gaskiyarsa, kuma a yi wannan gwaji tun katin yana sabo, kafin a ba shi amana. A matsakaicin inganci, minti ɗaya na MP3 yana cin wajen megabayit ɗaya, don haka kati mai gigabayit 8 na gaskiya ya ɗauki sama da awa 120. Ban da haka, katunan da suka haura gigabayit 32 da tsarin exFAT suke zuwa, tsofaffin rediyoyin mota kuwa FAT32 suka sani; sai a ga rediyo ya ce ba kome a kati, alhali yare ne ba ya ji.

Wani ɗan abu da gauraye yake tonawa shi ne bambancin ƙarfin sauti. Waƙar da aka kwafo daga tsohon kaset tana fita a hankali, a ƙara murya, sai ta Ali Jita ko ta Hamisu Breaker ta faɗo kamar aradu. Tun 2001 akwai tsarin ReplayGain da yake auna kowace waƙa ya daidaita su ba tare da ya taɓa ainihin sautin ba, kuma manhajoji da dama suna da shi a saiti.

Da wani zai kawo mana wayarsa yau, ba za mu fara da sauya manhaja ba, ko da yake abin da kowa yake fara yi ke nan. Za mu kwafe kome zuwa kwamfuta tukuna. Sa'an nan mu ɗauki waƙa goma masu lafiya mu sa a jaka ɗaya cikin wayar kanta, mu gauraya, mu rubuta yadda suka fito sau uku. In goman sun fito ba maimaici kuma jerin ya sauya kowane karo, manhaja ta kuɓuta, sai a koma kan kati da sunaye. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya, in ba haka ba ko an warke ba a san maganin da ya yi aiki ba.

Mun ce a kwafe tukuna, kuma da dalili. Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Su manya ne, waƙoƙinsu suna hannu da yawa. Amma a cikin katunan nan namu akwai kiɗan makaɗan ƙauye da aka ɗauka a bikin kakanninmu, da waƙoƙin siyasa da na noma da wani ya kwafo daga kaset kafin kaset ɗin ya tsinke, kuma mai yiwuwa waɗansunsu ba su da wani kwafi a duniya sai wanda yake aljihun ɗayanmu, da suna irin AUD-20190312-WA0004. Mun taɓa zama da wani dattijo muka kunna masa irin waɗannan guda goma sha biyu. Ya gane makaɗa tara, ya faɗi garinsu da wanda aka yi wa waƙar, har da shekarar da ya fara jin biyu daga ciki. Sauran ukun ya ce muryar ba baƙuwa ba ce, amma wanda zai sani ya rasu bara. Mun rubuta taran a gurbinsu a daren nan. Ukun kuwa suna nan a wata jaka da muka sa wa suna Ba a Sani Ba, mun kuma zo da su yau ko Allah zai sa a sami mai ganewa a cikinku.

Shugaba ya yi mana nuni lokaci ya yi. Waɗanda suka zo da katunansu da filashinsu, akwai kwamfuta biyu a teburin baya, za mu zauna da su bayan sallar la'asar.